Rigar Ulun da Ta Faɗo Daga Kan Bishiya

Ni mutum ne mai tsoron sanyi, kuma na san ranar da tsoron ya shige ni. A shekarata ta farko a Amurka ne, na taso daga aiki a Washington, na sauka daga jirgin ƙasa a Alexandria inda nake zaune, na tsaya jiran bas ba safa a hannuna. Kafin in isa ƙofar gidanmu yatsuna sun mutu. Makulli yana aljihu, ina taɓa shi, amma na kasa kama shi. Sai da wata maƙwabciya ta zo wucewa da kwandon wanki ta zaro mini shi ta buɗe ƙofar. Tun daga ranar, duk abin da zan saya na sawa, mafi kauri nake nema.

Shekaru da yawa bayan haka likita ya ce jinina ya hau, in rage zama, in nemi abin da zai riƙa fitar da ni waje. Aikina na gidan rediyo ne, daga kujera sai gaban makirufo. A masallacin Juma'a nake ba wani dattijo labari, mutumin Kumasi, wanda ke zaune a garin Laurel kusa da Washington yana aiki a wani babban rumbun ajiyar kaya. Kowa Alhaji yake ce masa. Ya haura sittin, gajere ne kakkaura, Hausarsa ta zango ce, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, zo mu je farauta."

Na ɗauka wasa yake yi. Ashe ya fi shekara goma yana harbin barewa da kwari da baka. Akwai wani Bature manomi a yamma da Laurel da bareyi suka addabi gonarsa ta waken soya, shi ya ba shi izini a rubuce ya riƙa shiga dajin bayan gonar. Naman da Alhaji ke rabawa a masallaci lokacin kaka, wanda na sha ci ban tambaya ba, daga can yake.

Na yi duk abin da doka ta ce. Na shiga ajin koyon farauta, na karɓi lasisi, na sayi baka irin na zamani mai ƙananan gargare a kai da gindi. Bazara guda muna zuwa filin gwaji ranar Asabar, har kibiyata ta fara zama inda nake so. Alhaji ya koya mini in yi bisimilla a daidai lokacin da zan saki tsirkiya. Da lokacin farautar baka ya matso, ya ce saura tufafi, ya ɗauke ni a akori-kurarsa zuwa wani kantin kayan farauta.

A kantin wata mata mai furfura ta tsaya da mu gaban rigunan ulu. Ta ce ulun wasu tumaki ne da ake kira merino, gashinsu siriri ne, ba ya ƙaiƙayi, ba ya riƙe warin gumi, kuma ko ya jiƙe yana ba da ɗumi. Wari kuwa babban abu ne, domin barewa da hanci take gane mutum. Ta nuna mana lambobin da ke jikin rigunan, ɗari da hamsin, ɗari biyu, ɗari biyu da hamsin, ta ce nauyin saƙar ke nan, mafi girman lamba mafi kauri. Na shafa ta ɗari da hamsin na ji ta kamar mayafin mata. Har hasken fitila ina gani ta cikinta.

Ta tambaye ni yaushe zan shiga daji. Na ce farkon Oktoba. Ta ce to in ɗauki marar nauyin in sa a jikin fata, in sa ta ɗari biyu a jaka, idan na zauna gumi ya bushe sai in ɗora ta a kai.

Alhaji ya ce da ni da Hausa, "Gaskiya ya faɗa maka, wannan mata. Lokacin nan zafi ke fara kama mutum. Tafiya za ka yi da kaya a baya. In ka fita daga mota kana jin ɗan sanyi, to ka sa kaya daidai."

Na ce, "Alhaji, kai ka saba. Ni jikina ba ya ɗauka."

"Yoo," ya ce. "Jikinka ne."

Na ɗauki ta ɗari biyu da hamsin, mai zif a wuya da ɗan aljihu a ƙirji. Guda ɗaya na saya. Matar ta bi ni da magana ɗaya har wurin biya: kada in sa auduga a ƙarƙashi. Na gyaɗa kai. Amma ni tun ina makarantar kwana ban taɓa sa riga ba singileti ba, kuma ban yarda ulu ba zai yi ƙaiƙayi ba. Ranar tafiya na sa singiletina fari na auduga, na ɗora ulun, na ɗora wata 'yar shara mai launin ganye a sama. Maiɗakina ta dube ni a bakin ƙofa ta ce, "Baban yara, a wannan ranar? Ko wani garin za ku?" Na ce an ce iska za ta juya da yamma.

Mun isa gonar bayan azahar. Rana tana dukan waken soya har ya yi ruwan ɗorawa, ba iska ko kaɗan. Daga inda muka ajiye mota zuwa bishiyata tafiyar kusan rabin awa ce, a bi gefen gona, a tsallaka ɗan rafi, a hau tudu. Ga baka a hannu, ga jaka a baya, ga ɗamarar tsaro da ta zagaye ƙirji da cinyoyi. Kafin mu kai rafin gumi yana bin bayana har cikin wando. Alhaji yana gaba cikin 'yar rigarsa sakayau, bai ko waiwayo ba.

Bishiyar da ya zaɓa mini doguwa ce miƙaƙƙiya. Tun makon da ya wuce ya ɗaure mata matakalai na ƙarfe, a sama kuma ya kafa ɗan dandamali mai kujera, faɗinsa bai fi faranti babba ba. Tsawon wurin ya kai rufin bene mai hawa ɗaya. Akwai igiya mai kauri da ta sauko daga sama har ƙasa, da wani ƙulli a jikinta wanda ake maƙala ɗamara. In ka tura ƙullin da hannu yana zamewa, in nauyinka ya faɗa masa sai ya cije. A filin gwaji na hau irinta sau biyu, amma ba ta kai rabin wannan ba.

Na hau ina karanta duk addu'ar da na sani, ban kalli ƙasa ba sai da na zauna. Na jawo bakana da siririyar igiya. Alhaji ya ɗaga kai ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ina can bayan tudu. In wani abu ya faru, aiko saƙo a waya. Kada ka cire igiya ko me ya faru. Ka ji?"

"Na ji, Alhaji."

Ya tafi, ganye ya rufe shi.

Minti goma ban yi ba na ji kamar zan suma don zafi. Ulun ya manne mini, kaina yana sarawa. Na ce bari in cire shi in sha iska. Cire riga a kan dandamalin nan, da ɗamara a jiki, ga hannu ɗaya da ya ƙi sakin bishiya, aiki ne. Na sassauta maɗaurin kafaɗa, na zare 'yar sharar, na zare ulun ta ka, na rataye shi a wani ɗan reshe, na mayar da sharar a kan jiƙaƙƙen singileti, na ƙara ɗaure ɗamara. Ina juyowa gwiwar hannuna ta bugi reshen. Ina kallo rigar ta zame, ta buɗe hannuwa, ta sauka a hankali ta kwanta a gindin bishiya. Sai da na shafa aljihun wando na tuna wayata tana cikin ɗan aljihun ƙirjin nan.

Abin da ya kamata in yi a fili yake, in sauka in ɗauko. Na leƙa ƙasa, na ga nisan, na janye kai. Na ce wa kaina ai zafi ake yi, sauka da hawa zai kori bareyi, Alhaji zai ji haushi. Gaskiyar ita ce hawan farko ya cinye duk ƙarfin halin da na zo da shi. Na zauna.

Awa ɗaya ko fiye abin ya yi daɗi. Gumi ya daina zuba. Kurege biyu suna kokawa a kan ganye, wani tsuntsu yana ƙwanƙwasar busasshen itace. Daga nesa ina jin motoci a kan babbar hanya, abin da ya kwantar mini da hankali. Na yi la'asar a zaune da ishara.

Ban daɗe da sallamewa ba iska ta taso daga arewa maso yamma. Da farko na yi murna. Sai ta ƙara ƙarfi, sama ta yi toka-toka, ganye suka fara zubowa da yawa. Singiletin da bai gama bushewa ba ya koma kamar an ciro shi daga firji an shafa mini a baya. Bishiyar ta fara rangaji. Ban taɓa sanin bishiya mai kaurin nan tana motsi ba. Duk lokacin da ta karkata, dandamalin yakan yi wani ɗan ƙara, ni kuma in ƙanƙame kujera da hannu biyu. Daga nan yayyafi ya sauko, siriri, a karkace, yana shiga ta wuyan riga.

Makyarkyata ta fara daga cinyoyi ta hau. Na cusa hannuwa a hammata, amma hammatar ma a jiƙe take. Ina kallon rigar ulun a ƙasa, ruwa yana taruwa a kanta ɗigo-ɗigo.

A wannan hali barewa ta fito. Mace ce, babba, ta biyo hanyar da Alhaji ya ce za su biyo, ba ta yi ƙara ko kaɗan ba. Ta zo har kusa da gindin bishiyata. Abin da na yi bazara guda ina shiri dominsa ke nan. Na miƙa hannu ga baka, yatsuna suka ƙi rufuwa a kansa. Na dube su, sun yi fari-fari a kan farce, ina ba su umarni ba sa ji. Barewar ta miƙa wuya ta shinshini rigar, ta buga ƙafar gaba sau biyu, ta yi wani huci mai ƙarfi kamar atishawa, ta ɗaga farar wutsiya ta ɓace. Ban ji takaici ba. Hankalina yana kan yatsuna, domin a aji an gaya mana cewa idan hannu ya daina aiki kuma tunani ya fara nauyi, sanyi ya shiga ciki, kuma ba sai da ƙanƙara hakan ke faruwa ba. Jiƙa da iska sun isa.

Na yanke shawarar sauka tun ina iyawa. Na ɗaura baka a siririyar igiya da taimakon haƙori, na zura shi ƙasa. Na miƙe tsaye. Na rungumi bishiya, na lalubi matakala ta farko da ƙafa, na same ta. Na tura ƙullin ƙasa da tafin hannu. Ta biyu. Ta uku. A ta huɗu ƙarfen ya jiƙe, ga taɓon rafi a ƙasan takalmina. Ƙafar ta zame, hannuwan da na dogara da su suka buɗe kawai.

Faɗuwar ba ta da nisa, ƙullin ya cije. Amma fizgar ta sa na ciji harshe, kafaɗata ta daki bishiya, na lilo na koma ɗaya gefen, inda babu matakala. Na tsaya a rataye, fuskata tana gogar ɓawon itace, ƙafafuna suna harbin iska. Maɗaurin cinyoyi ya nutse cikin nama kamar ana yanka ni da igiya.

Na san abin da aka ce game da wannan ma. Mutum ba ya daɗewa a rataye cikin ɗamara, jini yana taruwa a ƙafafu, yana iya suma, daga suma kuma sai abin da Allah ya yi. An ce a yi ta motsa ƙafa. Akwai wani ɗan madauri a aljihun ɗamarar da ake zarowa a taka don a rage nauyi. Na kai hannu, zif ne, ƙaramin zif, na yi ta dangwalarsa da yatsun da ba sa ji. Na gwada miƙa ƙafa ta zagayo bishiyar ta kamo matakala, dunduniyata tana taɓa ƙarfen tana zamewa. Sau nawa na gwada ban sani ba. Kowane gwaji yana barina da ƙarancin ƙarfi.

Na buɗe baki in yi kira. Ni da nake cin abinci da murya, abin da ya fito wani ɗan gurnani ne, haƙora suna karo. Na haɗiye jinin bakina na sake gwadawa. "Alhaji!" Iska ta kwashe kiran ta yi gabas da shi, shi kuwa yana yamma. Wani tunani ma ya zo mini, wanda nake jin kunyarsa yanzu: idan wani ne ya ji, ba Alhaji ba, ya tarar da baƙin mutum cikin kayan daji a bayan gonar mutane, takardar izinin kuma tana jakar Alhaji? Tunanin bai daɗe ba. Na ci gaba da kira, ko wa zai zo ya zo.

Ƙafafuna suka fara yin nauyi, sannan suka daina ciwo, abin da ya fi ba ni tsoro. Na tuna 'yata ta fari tana da jarrabawa ranar Litinin, na yi alkawarin kai ta. Na tuna ban gaya wa maiɗakina sunan gonar ba, ko sunan hanyar. Na yi kalmar shahada, na maimaita, ina buga gwiwoyi a jikin bishiya don kada su mutu. Gefen idanuna ya fara duhu.

Ban ji zuwansa ba. Muryarsa kawai na ji a ƙasa, da ƙarfi, ba irin ta mafarauci ba.

"Ei! Malam! Kada ka rufe ido. Dube ni. Dube ni nan!"

Ashe da iska ta yi ƙarfi ya aiko mini saƙo cewa mu sauka, bai ga amsa ba. Ya kira sau uku, wayar tana can cikin rigar a ƙasa, na kashe mata ƙara. Shi ne ya sauko ya taho.

Ya yar da bakansa, ya kama matakalai ya hau, dattijo mai ciwon gwiwa, ba tare da ya maƙala tasa igiyar ba. Da ya zo daidai da ni ya saƙala hannu ɗaya a ƙarfe, ya miƙo ɗayan ya damƙi ɗamarata ta baya, ya jawo ni na zagayo.

"Sa ƙafa nan. A'a, hagu. Taka. Taka da ƙarfi, ɗan'uwa."

"Ba na jin ta, Alhaji."

"Ba sai ka ji shi ba. Ni ina gani, yana kan ƙarfe. Miƙe."

Na miƙe. Nauyi ya bar igiyar, jini ya sauko cinyoyina kamar an watsa mini allurai. Ya sassauta ƙullin da hannunsa. Muka sauko tare, yana ƙasa da ni, kansa yana tokare da bayana, yana ɗora mini ƙafa a kowace matakala da hannu, yana lissafawa da ƙarfi. Da na taka ƙasa na durƙushe.

Bai bar ni na kwanta ba. Ya jingina ni da bishiya, ya kwance ɗamarar, ya zare 'yar sharar. Da ya ga singiletin ya tsaya, ya dube ni. Ya zaro wuƙa ya tsarge shi daga wuya zuwa ciki ya jefar. Ya ciro rigar ulu ta ɗari biyu daga jakarsa, busasshiya cikin leda, ya zura mini a kan fata. Ya ɗauko tawa daga ƙasa ya kakkaɓe, ya ɗora mini a kai duk da damshinta, sannan ya cire rigar ruwansa ya rufa mini. Ya buɗe filas ya riƙe mini kofi a baki, shayi mai citta da sukari da yawa, domin hannuna ba zai riƙe ba. Rabi ya zube a gemuna.

Tafiyar rabin awa ta zama ta awa guda. Ya rataya bakuna biyu da jakunkuna biyu, ni kuma na dafa kafaɗarsa. A rafi na faɗi sau ɗaya. Yana ta ja na da hira don kada in yi shiru, yana tambayata sunayen 'ya'yana da ya riga ya sani, da unguwar da aka haife ni. Kafin mu fito gefen gona na fara jin ɗumi a ƙirji, ulun yana aikinsa, yatsuna kuma suka fara zafi kamar na taɓa barkono.

Mun isa mota magariba ta yi. Ya kunna hitar ɗumama mota ya zaunar da ni. Shi ya yi salla a kan ciyawa cikin yayyafi, ni na yi tawa a kujera. Da ya shigo ya kama sitiyari, ya daɗe bai tayar da motar ba. A nan na lura hannuwansa suna rawa.

"Alhaji, kai ma sanyin ya kama ka."

"Ba sanyi ba ne," ya ce. "Da na hango ka daga tudu, ba ka motsi. Na ce me zan je in gaya wa matarka."

Na ce ya yafe mini. Ya ce shi ne ya kamata ya duba abin da na sa tun a mota, kuma bai kamata ya bar sabon shiga shi kaɗai a sama ba. Sannan ya tayar da mota muka hau babbar hanya.

Bai yarda in tuƙa tawa motar da na bari a Laurel ba, shi ya kai ni har Alexandria. Maiɗakina ta buɗe ƙofa ta gan ni cikin rigar wani, ga jini ya bushe a gefen baki, ta ce, "Innalillahi. Alhaji, me ya same shi?" Ya ce, "Hajiya, ya zame ne, Allah ya kiyaye. Ba shi abu mai zafi." Sauran bayanin ni na yi shi, bayan ya tafi, kuma ban rage komai ba. Ba ta yi faɗa ba. Da ta ga shatin ɗamarar a cinyoyina, baƙi-ƙirin kamar an yi mini bulala, sai ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa, na ji famfo yana zuba ya daɗe.

Washegari ta sa na je asibiti aka duba ni, aka ce ba abin da ya karye. Na yi mako biyu ina mafarkin ina lilo. Ban koma daji ba a wannan kakar. Shekarar da ta biyo na koma, amma a ƙasa nake zama, cikin ɗan tanti mai launin ganye a gefen gona, Alhaji yana inda zai ji tarina. Har yau ban sake hawa bishiya ba, kuma ba na jin zan sake.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan faɗuwar na kai 'yata makaranta a motar maiɗakina, ina tuƙi da hannu ɗaya saboda kafaɗa. Ta tambaye ni da Turanci ko na harbi barewa. Na ce na ga guda, ta zo kusa sosai. Ta ce kyakkyawa ce? Na ce ƙwarai. Ta sauka ta shiga, ni kuma na ajiye mota a tasha na bi jirgi zuwa aiki. Harshena a kumbure yake, don haka wani abokin aiki ne ya karanta labaran ranar, ni na zauna a bayan gilashi ina miƙa masa takardu.